MechWarrior 2 ko Armored Core: zafin inji za ka ɗauka, ko bashi?

Wanda ya ce yana son ya gwada tsohon wasan tuƙa ƙaton mutum-mutumin yaƙi, kuma lokacinsa bai wuce na wasa ɗaya ba, sunaye biyu za a fi jefo masa: MechWarrior 2 na 1995 da Armored Core na 1997. In ka kalli hoton kwalinsu, sai ka ce Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ga jibgegen ƙarfe tsaye a kan ƙafa biyu, ga bindiga a hannu, ga akwatin makamai masu linzami a kafaɗa. Minti goma a cikin kowanne ya isa ka gane cewa kamar ta tsaya a kwalin ne. Na buga duka biyun har ƙarshe, na kuma koma musu bayan shekaru, don haka zan faɗi inda kowanne ya yi fice, inda yake ɓata rai, da wanda zan miƙa maka in ka matsa mini.

Asalinsu ne ya raba musu hali, don haka daga nan ya kamata a faro. MechWarrior 2, wanda kamfanin Activision na Amurka ya fitar don kwamfutoci masu amfani da DOS, jikan wani wasan tebur ne mai suna BattleTech da kamfanin FASA ya fito da shi a 1984. A wasan teburin, kowane mutum-mutumi yana da takardarsa. An raba jikinsa kashi-kashi: kai, tsakiyar ƙirji, gefen dama da na hagu, hannu biyu, ƙafa biyu, kowane kashi da adadin sulkensa. A gefen takardar kuma akwai ma'aunin zafi da ake ƙara wa maki duk sanda ka yi harbi. Abin da masu MechWarrior 2 suka yi shi ne ɗaukar wannan takarda su mayar da ita ɗakin matuƙi. Duk wani abu da yake da daɗi a wasan, da duk wani abu da yake da nauyi, daga takardar nan ya fito.

Shi kuwa Armored Core ɗan Japan ne, na kamfanin FromSoftware, wanda ya fara da rubuta manhajojin ofis a 1986 kafin ya shiga harkar wasanni da King's Field a 1994. Don PlayStation aka yi shi, ba takarda ba tebur a bayansa. Wanda ya zana musu mutum-mutumin shi ne Shoji Kawamori. A nan akwai wani abin dariya: wasu daga cikin mutum-mutumin BattleTech na farko-farko, zanensu daga shirye-shiryen zane na talabijin ɗin Japan aka ɗauko, har da Macross na 1982 wanda shi Kawamorin yana cikin masu zana injinansa. Wato in ka bi salsala, wasannin biyu suna da kaka ɗaya. Amurkawa suka ɗauki abin suka ɗora masa nauyi har ya koma tankar yaƙi mai ƙafa, mutanen Japan suka bar shi da saurinsa.

Bari mu shiga mazaunin matuƙi, domin a nan zaɓin yake.

A MechWarrior 2 kana cikin injin ne, kana leƙen duniya ta gilashi. Da an sauke ka a fili, wata muryar mace ta kwamfutar injin za ta sanar da kai cikin natsuwa cewa inji ya tashi, na'urorin gani sun tashi, makamai sun tashi, komai lafiya. Daga nan sai tuƙi, kuma tuƙi ne na gaske. Madannan lambobi da ke saman kibod su ne totur: ka danna ɗaya daga cikinsu, injin ya riƙe wannan gudun har sai ka canza. Ba ya tsayawa don ka ɗaga yatsa. Ribas yana da madanninsa daban. Ƙafafu suna bin hanyarsu, ƙirji kuma yana juyawa da kansa da madannin waƙafi da na aya, ta yadda za ka iya tafiya gabas kana harbin wanda yake arewa. A ranar farko wannan ne ke rikita kowa. Za ka juya ƙirji kana bin abokin gaba da ido, ka manta ƙafafunka ba can suka dosa ba, sai ka ji ka yi karo da dutse. A rana ta uku kuwa hannu ya saba, sai ka ga kana zagaye abokin gaba kamar shaho yana kewaya kaza, bakin bindiga bai bar ƙirjinsa ba. Daɗin da ke cikin wannan sabon, ban same shi a wani wasa na zamanin ba.

Sai zafi. Kowane makami yana ƙara wa injin zafi, musamman leza da wata bindiga mai jefa dunƙulen wuta shuɗi da ake kira PPC. Na'urorin sanyaya, wato lagireton injin, suna janye zafin a hankali, amma ba sa taɓa cim ma yatsan mai zari. Ɗauki Timber Wolf, wanda shi ne a hoton kwalin, mai nauyin tan 75 da gudun kusan kilomita 86 a awa. Yana ɗauke da manyan leza biyu, matsakaita uku, akwatin makamai masu linzami biyu masu cin 20-20 a kafaɗu, da ƙananan bindigogi masu sarrafa kansu guda biyu. Ka ga wannan kaya, zuciya sai ta ce ka sake su gaba ɗaya. Ina tuna wani aiki a cikin wani kwari da na yi hakan sau biyu a jere a kan wani injin maƙiyi, Summoner, da ya ɓullo daga bayan tudu. Hannunsa na dama ya cire, na ji daɗi. Sai ma'aunin zafi ya haye ja, muryar nan ta ce injin zai kashe kansa. Kana da 'yan daƙiƙu ka danna harafin O ka hana shi, amma in ka hana shi kuma zafin ya ci gaba, albarusan da ke cikin ƙirjinka ne za su tashi da kai. Gaba kura, baya sayaki. Na bar shi ya mutu. Allunan gabana suka yi duhu, na zauna cikin tan 75 na ƙarfe ba motsi, ina kallon mai hannu ɗaya yana takowa a hankali yana auna ni. Daƙiƙun nan kafin injin ya farfaɗo su ne MechWarrior 2 gaba ɗayansa. Duk faɗan wasan lissafi ne na yaushe za ka harba, da me, da kuma yaushe za ka haƙura ka ja da baya ka huce.

Rabon jiki kashi-kashi shi ma yana canza yadda kake auna mutum. Ka cire masa hannu, makaman da ke hannun sun tafi. Ka fasa gefen ƙirjin da yake ajiye albarusai, ya kama da wuta daga ciki. Ka karya masa ƙafa ɗaya, ya kafe a wuri ɗaya, sai ka zagaya bayansa inda sulke ba shi da kauri. Wannan na ƙafar ma har ya yi yawa, don da zarar ka gano shi sai ya zama hanyar ragwaye, kuma kwamfutar ba ta da wata dabarar kare kanta. Kai ma haka ake yi maka: kana iya gama aiki da hannu ɗaya da leza guda, kana jan jiki zuwa wurin da jirgi zai ɗauke ka. Akwai kuma wasu 'yan ƙananan sojoji masu sulke da ake kira Elemental, da ƙyar ake ganinsu a allo, suna tsalle a gindin ƙafarka. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Armored Core bai san wannan natsuwar ba. Kana kallon injinka ne daga baya, kuma ba a yi shi don taku ba. A bayansa akwai bututun wuta da ke tura shi, yana sulɓi a ƙasa kamar an zuba mai, yana tashi sama, yana gocewa gefe. Abin da kake tsaro a nan shi ne ƙarfin janareta. Duk sulɓi da tashi da saran takobin leza daga ma'auni ɗaya suke sha, in ka ƙarar da shi ƙaf sai injin ya shiga caji, ka koma tafiyar hawainiya a tsakiyar ruwan harsashi. Za ka ce ai wannan zafin MechWarrior ne aka sauya wa suna. Kusan haka ne, sai dai a can ana hukunta ka don yawan harbi, a nan don yawan gudu. Jikinka kuma ba a raba shi ba, lamba ɗaya ce ke raguwa har ta kai sifili. Auna maƙiyi ma ba da hannu kake yi ba: akwai wani akwati a tsakiyar allo, ka sa shi a ciki, na'urar auna ta kama shi, ka harba. Gwanintar tana wajen riƙe shi cikin akwatin alhali ku biyun kuna gudu.

A nan ne babbar matsalar wasan take, kuma gara in faɗe ta tun yanzu. An tsara shi ne don hannun PlayStation na farko, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasan, wanda ba shi da sandunan nan biyu da kowa ya saba da su yau. Madannan kibiya suna kai ka gaba da baya, suna juya ka. L1 da R1 suna goce da kai gefe. Ɗaga kai sama da sunkuyar da shi kuwa L2 da R2 aka ba wa. Ka yi tunanin maƙiyi yana shawagi a samanka, kana son ka goce hagu, ka juya dama, ka ɗaga kai, ka riƙe wutar baya, ka kuma harba, duk a lokaci ɗaya. Yatsu biyar ke nan a hannun da aka yi wa huɗu. Sai a 2004, da Armored Core: Nexus, jerin wasannin ya rungumi sanduna biyu yadda ya kamata. Kibod ɗin MechWarrior 2 yana da madannai masu yawa, amma kowanne aikinsa ɗaya, kuma wasan yana ba ka lokacin nemansa. Hannun Armored Core madannansa kaɗan ne, lokaci ne babu. Na san mutanen da suka ajiye shi a aiki na uku saboda wannan kaɗai, ban kuma ga laifinsu ba.

To me ya sa ake jure masa? Gareji.

A MechWarrior 2 akwai wurin gyaran inji, kuma yana da zurfi. Kana zaɓar gangar jiki daga cikin waɗanda ake da su, tun daga Firemoth mai tan 20 da ke tsere wa kowa, zuwa Kit Fox mai 30, Nova mai 50, Mad Dog mai 60, har Dire Wolf mai tan 100 da ke tafiya kamar gini ya yi ƙafa. Sai ka buɗe cikinsa: ka rage sulke ka ƙara makami, ka cire makami ka ƙara lagireto, ka sauya girman inji, ka sa bututun tsalle. Iyaka biyu gare ka, nauyi da gurbi. Aikin akawu ne, na lambobi a jere, kuma ko me ka cusa a ciki, daga waje Timber Wolf ɗin nan dai Timber Wolf ne. Komai kuma kyauta ne. Dangin mayaƙan da kake yi wa yaƙi ne ke biya.

A Armored Core babu gangar jikin da aka gama. Kai ne bakanike. Kai daban, ƙirji daban, hannaye, ƙafafu, janareta, bututun wuta, na'urar auna, makamin hannun dama, takobin hannun hagu, kayan kafaɗa biyu, duk ɗaya bayan ɗaya kake saye kake haɗawa, kuma duk abin da ka sa kana ganinsa a jikin injin. Ƙafafun ne ke yanke hukunci. Akwai irin na mutum, akwai masu gwiwa a baya irin na tsuntsu da suka fi tsalle, akwai masu huɗu irin na gizo-gizo, akwai sarƙar katafila. Mai ƙafa biyu in zai harba babbar igwar kafaɗa sai ya durƙusa ya tsaya cik, mai ƙafa huɗu yana harbawa yana sulɓi a ƙasa, mai sarƙa kuwa ya ɗauki kaya iya son ransa amma juyawarsa sai ka yi hamma. In ka yi wa ƙafafun lodi fiye da ƙarfinsu, ko kayan suka fi ƙarfin janareta, wasan ba zai bar ka ka fita ba. Wani alheri da aka yi a wannan na farkon: duk abin da ka saya, in ka mayar za a ba ka kuɗinka cif. Don haka gwaji ba ya cin ka komai sai lokaci, kuma lokacin yana tafiya. Na sha zama awa guda a garejin nan ina sauya kai don in samu rada, ina rage nauyin hannu don in iya ɗaukar wata bindiga, ina fenti, ina zana tambari ɗigo-ɗigo, ban harba ko harsashi ɗaya ba. Akwai kuma kayan da aka ɓoye a cikin filayen aiki, irin bindigar leza Karasawa da takobin Moonlight, wanda sunansa ya taso daga King's Field. Wanda ya ci zomo ya ci gudu: kafin ka kai gare su sai ka leƙa lungunan da ba wanda ya aike ka.

Kuɗin sayen kayan kuwa daga kwangila yake fitowa, kuma nan ne Armored Core ya yi abin da har yau nake jinjina masa. Kai sojan haya ne, ana ce muku Raven, ƙungiyarku Ravens' Nest. Wani babban yaƙi ya lalata bayan ƙasa, mutane sun koma biranen ƙarƙashin ƙasa, manyan kamfanoni biyu, Chrome da Murakumo Millennium, suna rigimar mulki, kowanne yana turo maka saƙo da farashi. Ɗaya daga cikin ayyukan farko-farko shi ne ka je ka tarwatsa ma'aikatan da suka tare wata gada suna neman a gyara musu yanayin aiki. Ba wanda zai ce maka kai jarumi ne. Ka gama, sai a kawo maka takardar lissafi: ga ladan aiki, a cire kuɗin harsashin da ka harba, a cire kuɗin gyaran sulke, in ka fasa abin da aka ce kar a taɓa a cire tara. Ranar da na fara sayen wata bindiga mai ɓarin wuta, na shiga aiki ina feshi kamar ba gobe, na fito ina murna, takardar ta nuna mini na yi aikin ne na kuma biya daga aljihuna. Daga ranar na fara ƙirga harsashi, na koma ga leza da takobi tunda su ba a cajin albarusansu.

In kuma ka faɗi a aiki, galibi wasan ba ya cewa ka sake. Ci gaba yake yi, ba lada, ga kuɗin gyara a wuyanka. Bashi ya yi ta hawa. In ya kai 50,000, sai a nuna maka an kwantar da matuƙinka a teburin tiyata, an sayar da jikinsa ga wani gwaji da ake kira Human Plus. Wasan ya koma farko, an yafe bashin, an kuma ƙara maka wata baiwa, kamar rada a cikin kai. In ka sake faɗawa bashin a sake yanka ka, a ƙara wata, har ka kai ga harba igwa ba durƙuso. Wato hanyar sauƙaƙa wasan ita ce ka talauce har a mayar da kai kayan gwaji. Ban san wani wasa na 1997 da ya faɗi abin da yake nufi da duniyarsa a taƙaice haka ba.

MechWarrior 2 ba ruwansa da kuɗi, daraja yake ƙirgawa. Shekarar labarin 3057 ce, dangi biyu na mayaƙa, Wolf da Jade Falcon, suna yaƙi da juna, kai kuma ka zaɓi ɓangare, kowanne da jerin ayyukansa. A al'adarsu ɓarnar kaya abin kunya ne, don haka in ka ci aiki da injin da bai kai nauyin da aka yarje maka ba, makin darajarka ya fi yawa. Lokaci-lokaci ana kai ka filin jarrabawa, kai kaɗai, ka kayar da na gaba da kai don a ƙara maka muƙami. In ka faɗi a aiki, maimaitawa za ka yi har ka ci. Labarin kansa yawancinsa a rubuce yake, shafi bayan shafi a ɗakin ajiyar tarihin dangi, kuma da Turanci mai nauyi. Mai son karatu zai sami duniya guda a wurin. Wanda ba ya so, ya tsallake, ba abin da zai rasa a fagen fama.

Ta fuskar gani da ji, shekaru sun fi yi wa MechWarrior 2 adalci, abin da ban zata ba. Siffofinsa na DOS kusan ba su da ado, fuskoki ne masu launi ɗaya-ɗaya, amma filayen a buɗe suke: hamada, ƙanƙara, sararin sama ja ko kore, injin maƙiyi yana ɓullowa daga nesa kamar ɗigo. Kaifin hotonsa yana iya hawa har ɗigo 1024 a faɗi da 768 a tsaye, kuma akwai wani madanni da ke mayar da duniyar zanen layuka zalla, wanda a cikin duhu ya fi ainihin hoton amfani. Kiɗan da Jeehun Hwang ya yi masa, wanda ke kan faifan kamar na rediyo, shi ne rabin yanayin wasan. Armored Core ya fi ado a jikin injin, amma yawancin ayyukansa cikin ramuka da dogayen lunguna ne masu kama da juna, bango yana rawa irin ta PlayStation na farko, abin da ke nesa kuma duhu ya haɗiye shi. Ɓata hanya a cikinsu ba wuya.

Kowanne yana da inda yake sa mutum ya yi tsaki. A MechWarrior 2, abokan tafiyarka biyu da ake ba ka ba su cika abin kirki ba, sukan maƙale a jikin tudu ko su shiga gabanka kana harbi, wasu ayyukan kuma doguwar tafiya ce daga alama zuwa alama kafin a ga kowa. A Armored Core, aikin ƙarshe ne. Bayan ka shafe wasan kana koyon faɗa, sai a sa ka hawan wasu akwatuna masu shawagi a cikin dogon rami, ɗaya bayan ɗaya, ana harbinka, da wannan hannun da na bayyana. Ka zame, ka koma ƙasa. Ka haye kuma ka tarar da Nine-Ball, jan injin wani matuƙi, Hustler One, da ke saman jerin sunayen Raven tun farkon wasan, ka kashe shi da ƙyar, wani irinsa ya sake fitowa.

Sai batun yadda za ka same su yau, wanda ga mutane da yawa shi zai yanke zancen. Armored Core ya fi sauƙi. A watan Maris na 2025 an saka shi a cikin tsofaffin wasannin PlayStation Plus don PS4 da PS5, tare da ƙannensa biyu, Project Phantasma da Master of Arena. Wanda yake da faifan asali kuma, manhajojin kwaikwayon PlayStation suna tafiyar da shi lafiya, har ka iya sauya wa madannan wuri ka rage wa yatsunka azaba. MechWarrior 2 kuwa ya daɗe ba ya kan manyan shagunan wasanni na intanet. Sai ka nemi tsohon faifai, ka girka DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon DOS a kwamfutar zamani, ka haɗa faifan yadda kiɗan zai fito, sannan ka daidaita saurin. Wannan na ƙarshen ba wasa ba ne: an rubuta shi ne don kwamfutocin 1995, in na'urar ta yi masa sauri sai abubuwa su rikice, sanannen cikinsu shi ne bututun tsalle ya ƙi cika bayan ka yi amfani da shi. Nau'in DOS ɗin ya fi na Windows 95 sauƙin lallashi a kwamfutar zamani. Kar kuma ka yarda a haɗa ka da wanda aka yi wa PlayStation da Sega Saturn a 1997. Suna ɗaya ne, amma an sauƙaƙe shi ya koma wasan harbi kawai, har da kayan ƙarin ƙarfi da ake tsinta a ƙasa, an kuma cire zurfin wurin gyaran.

Akwai na uku da bai kamata in tsallake ba, don shi ne ya tsaya a tsakiya. A 1996 Activision ta fitar da MechWarrior 2: Mercenaries. Tuƙi iri ɗaya, zafi iri ɗaya, amma yanzu kai sojan haya ne da ke farawa da ɗan ƙaramin Commando mai tan 25, kana karɓar kwangila, kana biyan gyara da albashin matuƙa, kana kwasar ragowar injinan da ka kayar. Labarinsa ya faro daga 3044 ya ƙare da yaƙin da aka gwabza a wata duniya mai suna Luthien. Wanda takardar lissafin Armored Core ta burge shi amma gudun da madannan suka kore shi, nan ne gidansa. Ban sa shi a gaba ba ne kawai saboda ya fi daɗi ga wanda hannunsa ya riga ya faɗa da na 1995.

Ga yadda zan raba. In abin da ya kawo ka shi ne ka ji kana tuƙa abu mai nauyi, ka ji takunsa, ka yi faɗa da tunani fiye da saurin yatsa, kuma ba ka ƙi ɓata yamma guda wajen girke-girke ba, ɗauki MechWarrior 2. In kai mai son kwance inji da ɗaurawa ne, kana son wasan da zai hukunta ka ya kuma bar ka da hukuncin, ko kuwa Armored Core VI na 2023 ne ya sa kake son ganin tushen, ɗauki Armored Core, ka ba yatsunka kwana uku kafin ka yanke masa hukunci. Mai wasa a kujera da talabijin, na Japan ɗin. Mai tebur da kibod, balle in yana da sandar tuƙi, na Amurkan.

In kuwa ka ce lallai sai ɗaya, ni MechWarrior 2 zan ba ka. Abin da Armored Core na farko ya ƙirƙiro, magadansa sun ɗauka sun gyara, har garejin da takardar bashin, don haka kana iya samun daɗinsa a wani wuri da hannu mai sauƙi. Shi kuwa wancan shirun na cikin mataccen inji, da faɗin filin, da muryar da ke gaya maka zafi ya yi yawa kamar ba abin da ya dame ta, ko MechWarrior 3 na 1999 da na 4 na 2000, duk da sun fi shi kyan hoto, ba su maimaita shi daidai ba. Ka fara da ɓangaren Wolf, ka yi darussan horon duka kafin aikin farko, ka raba makamanka rukuni-rukuni, na nesa daban na kusa daban, sannan ka cire ƙananan bindigogin nan biyu na Timber Wolf da albarusansu ka sa lagireto a gurbinsu.